Shekarar Da Muka Nutsar Da Kacalla

Ku 'ya'yana da jikokina, akwai wata magana da take neman zama tarihi a garin nan tun ina da raina, ina so in gyara ta kafin a gyara mini kwanciya. Yanzu duk baƙon da ya taso daga Ruma ko Yasore ya tambayi hanya, sai a ce masa ya bi ta Tafkin Mamman. In ya tambayi wane ne Mamman ɗin, sai a nuna ni a ce ga tsohon da ya ceci ruwan gari. Na ji ma ɗaya daga cikinku, ba zan kama suna ba amma ta san kanta, tana gaya wa ƙawayenta wai kakanta shi kaɗai ya shiga ruwa da lauje ya yi wata uku bai fito ba. To, ni ba kada ba ne. Na shiga ruwan, gaskiya ne, amma akwai abin da ya shigar da ni, kuma akwai waɗanda suka fi ni cancantar a riƙa ambato. Sunan tafkin na asali Tafkin Kurna, saboda kurnar da ke bakinsa ta gabas, kuma da ina da iko da bakin mutane da sunan nan ya dawo.

Wanda bai taɓa kai shanu ruwa da bazara ba, ba zai gane matsayin tafkin nan a wurinmu ba. Rijiyoyinmu biyu na sha ne da girki, in aka ce a shayar da dabbobi daga cikinsu ba za su yi kwana uku ba. Shi kuwa tafki tun zamanin kakanninmu yakan cika da damina ya riƙe ruwa duk rani, sai an fara ganin hadarin fari sannan ya koma ɗan kwatami a tsakiya. In ya ƙafe, babu wani ruwa sai gulbin da ke bakin daji, tafiyar hantsi guda da shanu. A da zuwa gulbin nan wahalar ƙafa ce kawai. Amma tun da mutanen daji suka ɗauki bindiga, duk gidan da ɗansu ya kora shanu can ba sa cin abincin rana da daɗin rai sai sun ga ƙeyarsa ta dawo.

Ina da sauran ƙarfina na tafi cin rani can gabas, wajen fadamun Haɗeja. A can na fara ganin kacalla, ciyawar ruwa ce doguwa wadda ta fi mutum tsawo, tana fitar da kai kamar zangarniyar gero, shi ya sa wasu ke ce mata geron tsuntsu. Na ga ana saƙa asabari da ita, ana rufin ɗaki. Na tuna gaɓar tafkinmu ta yamma da kofaton shanu ke zubarwa kowace shekara, na ce a raina ga abin riƙe gaɓa ga kuma jinka a ƙofar gida. Da na buɗe baki na tambayi ko mutum ɗaya a can, da ya gaya mini ciyawar nan ta raba mutane da gonakinsu da komayensu. Ban tambaya ba, don a lokacin gani nake babu mai kai irin nawa. Na tono saiwa uku na sa a jiƙaƙƙen buhun taki, na dawo da su gida ina ta lallaɓawa a mota kada su bushe. Washegari da sassafe na je na dasa su ba tare da na shawarci kowa ba.

Shekarar farko ta yi mini abin da nake so. Ta riƙe gaɓa, na yanka na saƙa asabari biyu, har Mai Unguwa ya tsaya ya yaba, ya ce wannan ciyawa Allah ne ya kawo mana ita. Ban ce masa ni aka aiko da ita ba, na bari sai ta ƙara kyau in faɗa a yi mini kirari. Shekara ta uku ta mamaye yamma duka. Ta biyar ta ci rabin tafki, tana tafiya ta ƙarƙashin laka da saiwa mai kaurin rogo, inda duk ta tsaya tsohon ganyenta ya ruɓe ya cike wurin, zurfi ya koma tudu. Kainuwa, wadda a da iska ke kaɗawa gefe mata su kwashe, ta samu mafaka a tsakanin karan ta rufe sauran ruwan ruf. Sauro ya yi yawa, tsuntsaye jan-baki suka samu makwanci suna fitowa da safe su faɗa wa geron mutane. Aka shiga neman mai laifi. Wasu suka ce tsuntsaye suka kawo irin, wasu suka ce a kofaton shanun baƙi ya zo, ni kuwa in ana wannan hira sai in kaɗa kai in ce Allah ya sawwaƙe. Uwarku Hajara ce kaɗai ta sani a gidanmu, don ita ta wanke buhun. Ba ta taɓa fitar da maganar ba, amma duk ranar da ta dawo daga wanki ƙafarta shaɓe-shaɓe da laka, sai ta dire kwano ta dube ni ta ce:

“Kainuwa dashen Allah, kacalla dashen Malam.”

A shekara ta shida tafkin ya ƙafe tun sanyi bai gama fita ba. Mai Unguwa ya sa aka yi shelar gayya, muka fito da adduna da lauje, mata suka dama fura. Mu manoma ne, abin da muka iya shi muka yi, wato sassabe. Muka sare kacalla har ƙasa, muka bari ta sha rana kwana biyar, muka cinna mata wuta. Ta yini tana ci, samari suna ihu suna cewa yau ƙaryarta ta ƙare. Busasshiyar kainuwa kuma muka tattara muka jibge a bakin gaɓa. Babu wanda ya kai ni sara a ranar, har ana cewa a duba Mamman da kishin gari, ni kuwa na san abin da nake ƙoƙarin binnewa.

Wutar ba ta dawo da ruwa ba, dole aka koma gulbi. Aka tsara a riƙa haɗa shanun gari wuri ɗaya, gida biyu-biyu suna kaiwa kowace rana. Wata Talata layi ya zo kan gidana da gidan maƙwabcina Malam Isiya. Ɗana na fari Lawal, wanda bai cika shekara da aure ba, matarsa Rabi tana da ƙaramin ciki, shi ya tafi tare da Salihu ɗan Malam Isiya, abokinsa tun na kaciya. Ana kiran azahar sai ga Lawal shi kaɗai, ba takalmi ba hula, ƙaya ta yayyaga masa riga. Kun san uwarku da kunyar ɗan fari, shekara ashirin da wani abu ba ta taɓa kama sunansa ba, sai dai ta ce “wancan” ko “yaron nan”. Ranar a tsakar gida, gaban kowa, ta ruga ta riƙe shi tana cewa Lawal, Lawal, kamar za a ƙwace mata shi. Salihu kuwa sai da la'asar aka je aka ɗauko shi a amalanke. Fiye da rabin shanun gari suka tafi. Ina cikin waɗanda suka haƙa kabarin, ina haƙa ina tuna saiwa ukun nan, kuma ban taɓa ƙin kaina kamar yadda na ƙi shi a ranar ba. Duk da haka ban buɗe baki ba.

Ruwan fari ya sauka, aka yi shuka. Kafin gero ya rufe ƙasa kacalla ta tsiro shar, ta fi da cika, tokar da muka bar mata ta zame mata taki. Kainuwar da muka jibge a gaɓa kuma malalen farko ya mayar da ita ciki. Kowa ya gane cewa in aka tafi a haka, baɗi tafkin zai riga na bana ƙafewa, kuma layin gulbi zai sake zagayowa. Mai Unguwa ya ce tunda sara da wuta sun gaza, a haɗa hannu a sayo maganin feshi a kasuwar Batsari a yi mata wanka da shi. Na dawo gida ina murna an samu mafita da ba za ta tona ni ba. Hajara tana tankaɗe, ko ɗago kai ba ta yi ba.

“Maganin da kukan ce kada akuya ta shiga gona in an fesa shi, shi za ku zuba a ruwan da shanu ke sha, yara na wanka?”

“To me kike so a yi?”

“Ka tahi wurin Iya Tarana. Ubanta ne ke riƙe da tafkin nan tun ba a haife ka ba.”

Iya Tarana tsohuwa ce daga tsohon gidan Maguzawa da ke arewa da tafki. 'Ya'yanta wasu sun musulunta, wasu suna zuwa coci, ita kuwa ta ce ta tsufa da koyon sabuwar gaisuwa. Akwai kusurwar da take ɗiban ruwa, faɗinta bai wuce masussuka ba, kuma ita kaɗai ce kacalla ba ta ci ba a duk tafkin. Kowa yana ganin wannan kusurwa. Amma da yake ta Bamagujiya ce, sai muka yanke cewa iskokin gidansu ne ke tsare mata ita, in za mu wuce sai mu yi a'uziyya mu ƙara sauri. Shekara da shekaru amsar tana gabanmu, ba a samu mutum ɗaya da ya tsaya ya tambaya ba. Wannan wauta ta gari duka ce, kuma ni ne limaminta.

Na tafi da hantsi, na same ta tana ɓarar gyaɗa a inuwa. Na durƙusa muka gaisa, ina kwana, ina gajiya, ya ruwa, ta ce ruwa ya yi gyara, ta tambayi Hajara da mai ciki da ƙafar Lawal. Sai da gaisuwa ta ƙare ta kalle ni da idon nan nata guda mai gani sosai.

“Mamman ɗan Dije, sai yau? Na daɗe ina jiran ka.”

“Jira na kuma, Iya?”

“Ranar da ka zo da buhun taki bisa kai, ina cikin ruwa ina tonon bado. Guda ukku ka dasa. Ta tsakiyar har sau biyu ka taka ta da dugadugi.”

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Na ce mata me ya hana ta faɗa duk shekarun nan.

“In hwaɗa ma wa? Ku da in na biyo ta ƙofar masallaci kuke tofe-tofe? Kuma tona asirinka ba ya tone saiwa ko ɗaya.”

“Iya, cewa ake iskoki ke tsare maki kusurwarki.”

Ta yi dariya har tari ya sarƙe ta, ta nuna wani tsohon lauje da ke soke a jikin danga.

“Ga iskan nawa can. Ɗauko shi mu tahi.”

A bakin ruwa ta sa na yanko mata ganyen kacalla ɗaya. Ta karya shi ta nuna mini cikinsa, ramuka ne jere kamar saƙar zuma, ta tura shi cikin ruwa ta matse sai ga kumfa yana tasowa.

“Ka gani? Saiwar na can cikin laka inda babu iska, wannan shi ne hancinta. Kun sare ta bisa busasshiyar ƙasa kun bar hanci a buɗe, kun kuma ba ta toka ta ci. Noman gona kuka yi ma tafki. Yanzu da ruwa ke hawa za ka yanke ta, ƙarƙashin ruwa, taƙi biyu, ruwan ya shige mata hanci. In ta sake leƙo kai ka sake yankewa. Sau ukku ta gaji. Haka babana ke yi ma duk hakin da ke tsayuwa da ƙahwa cikin laka kai a sama, na gwada ma wagga baƙuwa na ga ita ma ba ta fi ƙarfin ruwa ba.”

Muka zagaya tafkin tana dogara sanda, tana nuna mini abubuwan da na yi shekara hamsin ina gani ina kiransu ciyawa kawai. Ta ce kainuwa ba ta da gindi a ƙasa, yawo take, don haka ba a bin ta da lauje. A jira iska ta tara ta gefe, mutum biyu su ja igiya su kewaye ta, a kwashe a kai can kan tudu inda malale ba ya zuwa. Ta sa na tumɓuke duman kada da ke rarrafowa daga gaɓa, ta ce shi ke sa awaki tangaɗi in sun ci. Gansakuka kuma ta ce kashin shanu ke kiwon ta, a ware mashaya ɗaya a daina barin dabbobi suna shiga ta ko'ina. Da muka iso inda bado ya shimfiɗa ganye da fararen furanni, na ce shi ma za mu share shi mu huta. Ta ɗaga sanda kamar za ta sauke mini.

“Kul! Wannan ɗan gida ne. Ba ya cike tafki in ana tonon shi, kifi na hutawa ƙarƙashinshi, kuma ya ciyar da garin nan shekarun da gero ya ƙi. Wanda bai san ɗan gida da baƙo ba, bai kamata a ba shi lauje ba.”

Na tambaye ta batun feshi, ta ce ita ba ta san maganin ba, amma ta san in ciyawa mai yawan nan ta mutu ta ruɓe a cikin ruwa, ko jaki ba zai sha ba. Daga baya malamin gona da ya zo daga Batsari ya faɗi kusan haka, ya ƙara da cewa maganin gona ba na ruwan sha ba ne.

Matsalar ita ce lokacin yankan ya faɗo daidai noman farko da maimai. Babu manomin da zai ajiye fartanya a tsakiyar damina ya shiga ruwa saboda maganar tsohuwar da ake gudun kusurwarta. Sai dai in akwai wanda alhakin ya rataya a wuyansa, ya fito ya ce ni ne, ku ba ni lokaci. Na kwana biyu ina juya abin, ina fita gona in tsaya ina kallon gerona da ya fito gwanin sha'awa. Rana ta uku muna cin tuwo da magariba Hajara ta ce:

“Malam, ranar wanka ba a ɓoyon cibi.”

“Gonar fa? In na bar ta me za mu ci?”

“Na ci tuwon dusa a gidan nan ban mutu ba. Amma in wancan ya sake kora shanu gulbi, wallahi ba zan iya tsayuwa a ƙofa ina jira ba.”

Ranar Juma'a da aka sallame na miƙe a ƙofar masallaci. Na ce jama'a, ba tsuntsu ba ne, ba kofaton shanun kowa ba ne, ni Mamman na ɗauko kacalla a buhu na dasa da hannuna, na kuma yi shiru shekara shida. Wuri ya kaure. Wani ya ce a kai ni gaban hakimi, wani ya ce ashe shi ya sa na fi kowa sara ranar gayya, kuma bai yi ƙarya ba. Ni Malam Isiya kawai nake kallo. Ya tashi ya kaɗe rigarsa, ya ɗauki takalmansa a hannu ya bi ta gabana ya wuce. Da a ce mari na ya yi da na fi jin sauƙi. Na faɗa musu abin da Iya Tarana ta nuna mini, na roƙi a dakata da feshi. Mai Unguwa, Allah ya jiƙansa, mutum ne mai sanyin kai, ya ce:

“An ba ka daminar nan. In kaka ta yi kacalla na tsaye, za mu yi feshi, kai kuma ka san inda za ka sa kanka.”

Washegari na shiga ruwa. Aikin ba shi da wata dabara sai wahala. Ka sunkuya har haɓarka ta taɓa ruwa, ka lalubi kara da hannun hagu, ka bi shi ƙasa, ka ja lauje, ka tura abin da ka yanka baya. Ganyen yana tsaga hannu, matsattsaku suna manne wa cinya sai an fito an sa musu gishiri. Lawal ya biyo ni tun ranar farko, amma ya yi kwana goma bai ce mini komai ba bayan gaisuwa, kuma ban ga laifinsa ba. Hajara tana kwasar abin da muka yanka tana kaiwa tudu, Rabi da cikinta tana kawo mana kunu. Iya Tarana kuwa tana zaune a gindin kurna da sandarta, idonta guda bai taɓa kuskure ba.

“Ƙasa, Mamman, ƙasa! Ina ganin hancin wannan daga nan. Aski kake mata ko yanka?”

Mako uku muka yi kafin mu gama zagayen farko, muna juyowa muka tarar inda muka fara ta sake leƙowa. Ranar na zauna a gaɓa na yi hawaye, ba na ɓoye muku. Tsohuwar ta ce in tashi, ai ta gaya mini sau uku ne. A yanka na biyu sai na fara jin wasu kututturan sun yi laushi, in ka taɓa su fito baƙi wuluk suna wari. Na ɗauki ɗaya na kai ƙofar masallaci na ajiye. Washegari samari huɗu suka zo bayan sun taso daga gona. Bayan kwana biyu suka zama goma. Kafin gero ya yi ciki Mai Unguwa ya sa ranar Alhamis ta zama ta tafki, maza a ruwa, mata da igiya suna jan kainuwa suna waƙa, har da masu yin a'uziyya a kusurwar Iya, yanzu su ne ke durƙusawa suna tambayar ta wannan ɗan gida ne ko baƙo.

Abin da ya fi ba mu wuya shi ne kai tulin ciyawar tudu, don jiƙaƙƙiyar kacalla nauyi gare ta. Wata safiya na ɗago daga ruwa sai na ga amalanke a gaɓa, da shanun huɗa biyu, su kaɗai suka rage wa Malam Isiya don ranar harin gulbi suna gida. Shi da kansa yake lodi. Na yi masa sallama, ya amsa wa iska, bai dube ni ba. Haka ya riƙa zuwa kullum har aka gama yanka na uku, ya loda ya kai tudu ya dawo, ko kalma ɗaya ba ta haɗa mu ba.

Gonata kuwa ciyawa ta cinye ta. Inda nakan ɗaure dami sittin, tara na ɗauka. Na kuma kwaso tsargiya a ruwan, na yi ta fitsarin jini sai da Lawal ya goya ni a babur zuwa asibitin Batsari, kuma bayana bai sake miƙewa daidai ba har yau, shi ne wannan tafiyar da kuke kwaikwayo in kun ɗauka ba na gani. Hatsinmu ya ƙare tun tsakiyar rani. Maƙwabta sun yi ta aiko da ƙwarya a rufe, Allah ya saka musu, amma abin da ya riƙe mu shi ne bado. Hajara tana tono saiwar ta dafa, 'ya'yan kuma ta shanya ta daka ta yi mana tuwo. Duk loma in na kai baki sai in tuna sandar da aka ɗaga mini. A cikin kakar nan Rabi ta sauka, namiji, Lawal ya ce ba shi da wani suna sai Salihu.

Sanyi ya wuce ruwa yana nan. Zafi ya shigo, kullum sai na je na kafa kara a gaɓa in ga inda ya ja. Ya ja ƙwarai, don shekara shida na cikewa ba ta gyaruwa a damina ɗaya, amma bai ƙafe ba. Ranar da hadarin fari ya haɗo daga gabas, ruwan tsakiya yana kai wa mutum gwiwa, kuma ba a kora ko ɗan maraƙi zuwa gulbi ba a shekarar. Ina tsaye a gindin kurna da la'asar sai ga Malam Isiya ya kawo shanunsa biyu. Ya bari suka sha suka ƙoshi, sannan ya zo ya tsaya kusa da ni, mu duka muna kallon ruwa.

“Mamman, ruwa ya kai.”

“Ya kai, Malam Isiya.”

Bai ɗauke ido daga kan ruwan ba ya ce:

“Buhu kai ka ɗauko, amma ba kai ka harba bindiga ba. Na daɗe da sanin haka, bakina ne ya yi nauyi. Da ka yi shiru, da bana ma wani ya haƙa ma ɗanshi rami.”

Na kama hannunsa da hannu biyu. Ya bar mini shi, sannan ya ce:

“An ce an yi ma yarona takwara. Wata bakwai ba a kawo mani shi na gani ba. Tsoro na kuke?”

Ruwa ya fara sauka muna tsaye, ba wanda ya motsa a cikinmu.

Iya Tarana ta ƙara damina biyu ta rasu. Kafin nan ta aiko mini da laujenta, shi ne wanda ke soke a zaure, wanda nake hana ku yankan ciyawar awaki da shi. Kacalla ba ta mutuwa duka, kowace shekara sai ta leƙo ta wani gefe, don haka in ruwa ya fara hawa wanda ya riga wani tashi ya zare shi ya je ya duba, ya yanka ƙasa, ya bar bado. Na gode wa Allah da ya ba ni matar da ta rufa mini asiri har lokacin da rufin ya zama cuta, sannan ta tura ni na buɗe. Na gode wa tsohuwar da muka guje wa, ta zauna tana jiran mu da amsa a jikin danga. In kuka ji an ce Tafkin Mamman, ku ce Mamman dasawa ya yi, Tarana ce ta cire.

Kai kuma Salihu, kafin 'yan'uwanka su karɓe takardar nan su cika ta da maiƙo, ka kai ta gidan Malam Isiya ka karanta masa a hankali, don idonsa ya yi rauni. Shi ya kamata ya fara ji, kuma da muryarka.